Daga Laba 16 Zuwa Laba 14

Shekara 34 na yi ina jefa ƙwallon bolin mai nauyin laba 16, kuma ban taɓa zama na tambayi kaina dalili ba. Dokar wasan ta ce kada ƙwallo ta wuce laba 16, wato kilo 7 da ɗan ɗoriya, ni kuwa tun ina ɗan shekara 24 na sa a raina cewa duk wanda ya isa, iyakar nan zai ɗauka. In na ga wani ƙato riƙe da mai laba 14 ba na cewa komai, amma a zuci na riga na gama da shi.

Wasana a wancan zamani wasan ƙarfi ne. Daga layin iyaka zuwa kwalbar farko ƙafa 60 ne, ni kuma burina ƙwallon ta cinye tazarar nan kafin ka ƙifta ido, ta daki kwalaben katakon nan goma da ƙarar da za ta sa mutanen layin maƙwabta su waigo. Sitaraik kaɗai nake ƙirgawa, wato ka share goman da jifa ɗaya. In ɗaya ta rage a tsaye, jifa na biyu a wurina aikin shara ne, in yi shi a gurguje in koma kujera ina tsaki. Mafi girman makin da na taɓa ci 279 ne: sitaraik 11, sai a gida na shida, cikin gidaje goman da ke wasa guda, kwalba mai lamba 10 ta tsaya a kusurwarta ko gezau. Na yi shekaru ina ba da labarin wannan kwalba kamar wadda ta ci mini amana. Maki 300 nake nema, wato sitaraik tun daga farkon wasa har ƙarshe, kuma na tabbata lokaci kawai ya rage.

Tsufa bai zo mini da sallama ba. Da yatsu ya fara. Washegarin kowane wasa sai in tashi gaɓar yatsana na tsakiya ta kumbura, ba na iya dunƙule hannu sai rana ta ɗaga. Daga nan gwiwar hagu, wadda nake zamewa a kanta in na zo sakin ƙwallo, ta fara ƙorafi a wasa na uku. Kafaɗa ta biyo baya. Kowanne da sunan da na raɗa masa: wannan sanyi ne, wancan kwanciya ce na yi ba daidai ba. Uwargida ce kawai ba ta karɓar waɗannan sunaye. In ta ga ina shafa magani sai ta ce, "Jiki magayi," ta wuce abinta.

Daren da abin ya fito fili, a gasar mako-mako ne, wasa na uku, gida na takwas. Na kai hannu baya, ina dawo da shi sai babban yatsana ya kasa riƙewa, ƙwallon ta suɓuce tun kafin in kai layi, ta faɗi dim, ta gangara kwata. Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Wani yaro a ƙungiyar da muke karawa da ita ya taso da sauri ya ce, "Sannu Baba, ba ka ji ciwo ba ko?" A gidan wasan nan da na fi shekara ashirin ina shiga, ranar aka fara kirana Baba. Shekarata 58.

Likita bai ɓata lokaci ba. Ya duba yatsun da gwiwar, ya ce amosanin gaɓɓai ne ya fara, ba wani sabon abu ba ne ga mai shekaruna. Bai ce in daina ba. Ya tambaye ni jifa nawa nake yi a dare guda, na ce wasa uku, jifa hamsin da wani abu. Ya buga lissafi a takarda, ya juyo mini da ita: kusan kilo 400 nake lilo da shi a kan yatsu uku kowane mako. Ya ce in rage nauyi, in riƙa ɗumama jiki kafin in fara.

Wata biyu na yi ina ɗumama jiki. Nauyin kuwa ban taɓa shi ba.

Abin da ya kai ni wurin mai huda ƙwallo daga ƙarshe, cewa na yi zan je a gyara mini ramin babban yatsa kawai. Saurayi ne da bai fi sa'ar ɗana na fari ba. Ya karɓi ƙwallon, ya jujjuya ta, ya ce in sa hannuna a ciki. Ya daɗe yana kallo kafin ya tambaya, "Baba, yaushe rabon da a auna hannun nan?" Na yi tunani, na ce ya kai shekara goma sha biyar. Duk ƙwallon da na saya tun daga lokacin, tsohon awon ake kwafa. Ya ce to hannun da aka auna wancan lokaci ba shi ne wannan ba.

Ya ɗauko wata ƙwallon awo mai ramuka da yawa, ya fara aiki. A nan na koyi abubuwan da ya kamata a ce na sani tun da daɗewa. Irin riƙon da nake yi, gaɓar farko kawai ta yatsu biyu ke shiga, babban yatsa kuma ya shige duka. Tazarar da ke tsakanin ramin babban yatsa da ramukan yatsu biyun ita ce komai. In ta yi tsawo, hannu a miƙe yake kamar an ɗaure shi, gaɓoɓi ne ke ɗaukar wahalar. Yatsuna sun daina lanƙwasuwa kamar da, don haka tazarar da ta dace da ni ina ɗan arba'in yanzu ja take yi. Ya rage ta kaɗan, abin da bai kai rabin inci ba. Ya kuma sauya karkatar ramukan, domin ashe ba a miƙe ake huda su ba, kowanne da kusurwar da ake ba shi gwargwadon yadda yatsa ke iya tanƙwaruwa. Ramin babban yatsa ya ce zai ɗan buɗe shi, in riƙa daidaita shi da tef, saboda yatsa yana kumbura yana saɓewa ko a cikin dare guda. In rami ya yi sako-sako mutum matse ƙwallo yake yi ba tare da ya sani ba, matsewar nan kuwa ita ke haurawa har kafaɗa.

Sai da ya gama duk wannan ya kawo maganar da nake gudu. Bai ce in rage nauyi ba, wayo ya yi mini. Ya miƙo mini ƙwallo biyu, ya ce in riƙe kowacce a tafin hannu, gwiwar hannu a lanƙwashe, in ƙirga zuwa goma. Da mai laba 16 wuyan hannuna ya karye baya tun ina shida. Da mai 14 na kai goma ina magana.

Na ce masa, "Ɗana, mai 14 ba ta ɗaukar kwalabe. Dukan kwalba ɗaya za ta yi ta kauce."

Ya ce, "Da gaskiyarka a zamanin da ka fara, Baba. Yanzu ba haka ba ne."

Kuma na san abin da yake nufi, don a gabana aka yi sauyin. Lokacin da na fara, ƙwallaye masu fatar yuretan, wani nau'in roba, ake yayi. A farkon shekarun 1990 aka fito da masu fatar riyaktib rezin, waɗanda ke shan man da ake shafa wa layi su kama katako da ƙarfi in sun kai busasshen wuri. Aka kuma riƙa sa musu ƙwaya a ciki mai siffa ta musamman da ke juya ƙwallo ta shigo da kwana. Ƙwallon zamani mai laba 14 tana ɗauke da wannan ƙwaya kamar yadda mai 16 ke ɗauke da ita. Ya ƙara da cewa ko ƙwararrun da nake kallo a talabijin, da yawansu mai 15 suke jefawa. Na nemi mu tsaya a 15. Ya ce in na so zai huda mini, amma bayan shekara biyu zan dawo mu sake wannan zama. Na ce ya huda 14.

Na ɗauka daga nan an gama. Ashe farawa aka yi.

Makonni shida na farko wasana lalacewa ya yi. Matsakaicin makina da ya daɗe yana yawo tsakanin 190 da 198 ya faɗo ƙasa da 170. Ciwon ya ragu, wannan gaskiya ne, amma ƙwallon ta daina jin maganata. Da na ji ta ba nauyi sai na riƙa wurga ta da ƙarfin dantse, ta wuce inda ya kamata ta karya kwana. In na sassauta kuma, sai ta karya da wuri ta daki kwalbar farko a goshi, ta bar mini biyu a tsaye nesa da juna kamar haƙoran tsoho. Sau biyu na sa tsohuwar ƙwallon a mota da niyyar komawa gare ta.

Wanda ya cece ni wani dattijo ne da ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, yana wasa da rana a ranakun da ba kowa. Na sha ganinsa, ban taɓa tsayawa na kalle shi ba, domin ƙwallonsa tafiya take kamar ba za ta kai ba. Ranar nan na zauna a bayansa ina hutar da gwiwa, sai na lura wasa biyu a jere bai bar gida ko ɗaya a buɗe ba, wato ba gidan da ya ƙare da kwalba a tsaye. Na gaishe shi, na faɗa masa damuwata. Ya ce in jefa uku ya gani. Da na gama ya ce, "Ƙanena, kai kwalabe kake kallo. Tun yaushe?" Na ce ai kibiyoyin saiti da aka zana a kan layi nake kallo. Ya ce a'a, idona yana sauka a kan kibiya, amma kafin ƙwallon ta bar hannuna ya riga ya tashi ya tafi can ƙarshe yana jiran ƙara.

Da shi na fara koyon layi, bayan shekara 34 ina taka shi. Faɗinsa alluna 39 ne, sirara, kuma kibiyoyin nan bakwai da ke wajen ƙafa 15 daga layin iyaka kowacce tana kan allo na biyar-biyar. Ana shafa mai daga farkon layi zuwa wajen ƙafa 40, ragowar a bushe. A shafin yau da kullum man ya fi yawa a tsakiya, gefe-gefe kuma kaɗan ne. Ƙwallo tana sulɓi a kan mai, ta kama in ta fita daga cikinsa, sannan ta mirgina zuwa aljihu, wato tsakanin kwalba ta 1 da ta 3 ga mai jifa da dama. Duk wannan na san shi a baki. Abin da ban sani ba shi ne ƙarfina ne ya ɓoye mini shi. Ƙwallo mai gudu ba ta da lokacin sauraron mai, ta kan wuce ne kawai. Mai tafiya a hankali kuwa duk abin da ke kan katakon sai ta faɗa maka. Da guduna ya ragu, ƙwallon ta fi daɗewa a busasshen wuri, shi ya sa take karyawa da wuri. Maganin ba ƙarin ƙarfi ba ne. Ya sa na matsa ƙafata allo uku zuwa hagu, na mayar da idona ciki kaɗan inda man ya fi kauri, aka kuma goge fatar ƙwallon ta yi sheƙi don ta ƙara sulɓi kafin ta kama.

Ya kuma nuna mini cewa man ba ya zama wuri ɗaya. Kowace ƙwallo da ta wuce tana kwasar wani, tana tura wani gaba. Layin da ka samu a wasa na farko ba shi ne na wasa na uku ba. Da can in ƙwallona ta fara shiga goshi a ƙarshen dare sai in ce gajiya ce ko rashin sa'a, in ƙara ƙarfi. Yanzu allo biyu nake matsawa. Shekaru nawa na yi ina zagin sa'a a kan abin da taku ɗaya zuwa hagu zai gyara, ba na son ƙirgawa.

Tafiyar ma sai da aka taɓa ta. Taku biyar nake yi da, da saurina, in ƙare da doguwar zamiya gwiwa a ƙasa. Na koma taku huɗu gajeru, na matso gaba, na bar ƙwallon ta riƙa lilo da nauyinta maimakon in tura ta. Wani abin dariya kuma, tabarau. Nawa mai hawa biyu ne, ƙasan na karatu, don haka in na sauke ido ƙasa kibiyoyin sai su dushe. Na daɗe ina zargin hannuna kafin in gano ido ne. Yanzu ina da wani daban na wasa kawai.

Inda ra'ayina ya juya gaba ɗaya shi ne jifa na biyu. Dattijon ya ba ni lissafi guda da ya hana ni barci. Ya ce in mutum ya kayar da tara a kowane gida, ya ɗauke ɗayar da ta rage, har ƙarshe, ba sitaraik ko ɗaya, nawa zai ci? Na lissafa: kowane gida 19, sau goma, 190. Kusan makin da na yi rabin rayuwata ina haƙilo a kansa ke nan. Sifaya, wato share goman da jifa biyu, tana ba ka goma da abin da jifanka na gaba ya kawo, saboda haka duk kwalba ɗayar da ka bari a tsaye, wajen maki goma ka zubar. Ni kuwa a dare guda nakan zubar da uku ko huɗu, yawanci mai lamba 10 ɗin nan, tsohuwar abokiyar gabata.

Na sayi ƙwallon roba mai santsi wadda ba ta san kwana ba, irin da nake yi wa kallon kayan yara. Wata uku, sau biyu a mako, nakan kama layi ni kaɗai in ƙi jefa aljihu. Jifan farko in nufi ta 10 daga can ƙarshen hagu, in ratsa layin a karkace. Na biyu in nufi ta 7 daga dama. Allon maki yana nuna 80, 90, yara a layin kusa suna leƙowa suna tausayin Baba. Wannan ya fi komai wuya, na rantse, ya fi ciwon gwiwar. Ka san za ka iya cika allon da alamar sitaraik, ka zaɓi a gan ka kamar ɗan koyo.

A cikin wannan lokaci ne na koma kallon tsofaffin wasannin Walter Ray Williams Jr., mutumin Amurka da ya ci kofi 47 a gasar ƙwararru ta PBA, fiye da kowa. Da can ba ya burge ni. Ƙwallonsa ba ta da wata kwana ta a zo a gani, kusan a miƙe take tafiya. Ya kuma yi suna a wasan jifan kofaton doki, inda saiti ne kawai ke aiki. Ya ci kofinsa na ƙarshe a babban rukunin a 2010 yana da shekara 50, a tsakiyar samari masu murɗa ƙwallo kamar za ta kama da wuta. Ina da shekara talatin gundura ta yake yi. Yanzu nakan mayar da hoton baya don in ga inda ƙafarsa ta tsaya.

Kada in yi ƙarya, akwai abin da ya tafi wanda ba ya dawowa. Ƙarar nan ta tafi. Akwai jifan da da can ko bai shiga daidai ba ƙarfi zai tarwatsa kwalaben su kayar da juna, yanzu sai ta 5 ta tsaya a tsakiya tana kallona. A ƙungiyarmu akwai wani yaro da ke jifa da hannu biyu, babu babban yatsa a rami, irin salon da Jason Belmonte na Ostireliya ya yaɗa. In ƙwallonsa ta shiga, kwalaben tashi suke yi sama. Nakan yi masa tafi da zuciya ɗaya, amma wani lokaci a ƙasan tafin akwai ɗan abu mai ɗaci. Masu cewa tsufa bai rage musu komai ba, ko dai ba su yi ƙarfi a da ba, ko sun manta. Maganar 300 kuma na daina yi wa kaina alkawari. Ban ce ba za ta zo ba. Na daina zuwa gidan wasa kamar mai bin bashi ne kawai.

Akwai kuma batun handikaf, ƙarin makin da ake ba wanda matsakaicinsa ya yi ƙasa don a daidaita ƙungiyoyi. A gasarmu kashi 90 cikin 100 ne na tazarar da ke tsakanin matsakaicinka da 220. Lokacin da na faɗo 170 sai ga 45 a gaban sunana kowane wasa. Da can sadaka nake kiran wannan lamba. Makon farko na ji kunyarta, har na ƙi kallon takardar. Daga baya na ga ita ce ta sa ni da yaron nan mai hannu biyu da wata mata da ta fara wasa bara muke zaune a benci ɗaya, kowa jifansa yana da nauyi a sakamakon dare. Yanzu da na farfaɗo, matsakaicina ya tsaya a 186, lambar ta ragu zuwa 30, har na ɗan yi kewarta.

Shekara biyu ke nan da huda ƙwallon. Nakan iso da wuri, in yi minti goma ina miƙe kafaɗa da gwiwa a gefe, in gwada babban yatsa a rami, in ƙara tef ko in cire. A jifan gwaji ba na neman sitaraik, ina neman inda man ya ƙare. Wasa uku nake yi in tsaya, ko da hannu yana daɗi, domin na san wanda zai biya kuɗin na huɗu gobe da safe.

Makon jiya yaron nan ya bar ta 10 sau uku a wasa ɗaya, ya kuskure duka ukun da ƙwallonsa mai kwana, ya dawo yana huci yana cewa layin ne ba shi da kyau. Ya ci 201 da sitaraik bakwai. Na ci 204 da huɗu. Ya daɗe yana duban allon, sannan ya matso kusa da ni ya rage murya, "Baba, wannan ta robar, laba nawa ce?" Na ce 14. Ya ɗaga ta, ya jinjina, ya ce ta yi masa sauƙi da yawa. Na ce ya zo ranar Talata da rana in yana so, layi na ƙarshe, amma ya sani allon zai nuna 80 kuma mutane za su gani.

Ya ce zai duba. Tsohuwar mai laba 16 tana nan a ƙasan kabad cikin jakarta, uwargida ta tambaye ni sau biyu ko za a bayar, na ce a bar ta tukuna.